Babi na Bakwai: Akuyar da Aka Ɗora wa Laifi

A Babban Mutum, can gabas da Daura cikin ƙaramar hukumar Ɓaure, dab da iyakar Nijar, da wuya ka leƙa gida ka rasa turken akuya. Saniya ta mai hali ce, rago kuwa galibi sai an yi niyyar Sallah ko suna ake ɗaure shi, amma akuya ta kowa ce, yawanci ma ta matan gida. Da ita ake fara tarin kayan ɗakin 'ya, ita ake ja zuwa kasuwa idan ciwo ya faɗo ko hatsi ya ƙare tun kaka ba ta yi ba. Damina na sauka sai a ɗaure ta, yara su riƙa yo mata ciyawa, domin in ta tsinke igiya ta faɗa gonar maƙwabci, magana sai ta kai gaban mai unguwa. In an kwashe amfanin gona a sake ta, ta bi harawa da 'ya'yan gawo har zuwa bazara.

Wanda ya tashi a irin wannan gari yana riƙe da rabin fassarar abin da za mu karanta a wannan babi, domin littattafan Yahudawa da Kirista a cikin makiyaya suka taso, kuma akuya tana cikinsu tun daga farko har kusan ƙarshe. Abin da zan kawo shi ne abin da ke rubuce a Attaurar da ke hannun Yahudawa da kuma Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932 bayan doguwar wahalar da Dokta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha. Musulmi zai ci karo da labaran da aƙidarsa ba ta karɓa ba, musamman a kan annabawa, kuma zan nuna wurin idan mun iso. Sanin abin da maƙwabcinka ke karantawa ba ya rage maka imani.

Da farko dai akuya dukiya ce, kuma halal ce. Littafin Farawa ya lissafa kyautar da Yakubu ya aika wa ɗan'uwansa Isuwa don ya huce: awaki mata 200, bunsurai 20, tumaki mata 200, raguna 20, ban da raƙuma da shanu da jakuna. Namiji ɗaya ga mata goma ke nan, kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san wanda ya tsara wannan lissafi ba baƙon garke ba ne. Kafin nan Yakubu ya yi wa surukinsa Laban kiwo, suka yi yarjejeniya cewa duk akuyar da aka haifa dabbare-dabbare ko mai kyalla tasa ce. Laban ya yi saurin yarda saboda awakin ƙasar baƙaƙe ne, masu roɗi-roɗi kaɗan ne. Wannan ciniki bai yi nisa da ba da kiwo da mata ke yi a ƙauyukanmu ba, inda mai akuya da mai kiwo suke raba 'ya'ya bisa sharaɗin da suka ƙulla, rigimar da ke biyo baya ma iri ɗaya ce. Littafin Karin Magana kuwa ya shawarci maigida ya san halin garkensa, domin da kuɗin bunsurai zai sayi gona, nonon awaki kuma zai ciyar da iyalinsa.

Akwai wurin da saninmu zai iya ruɗar da mu. Jar akuyarmu, wadda aka fi sani da ta Sakkwato ko ta Maraɗi, gashinta gajere ne, darajarta tana fatarta. Ita ce majema ke jiƙawa da bagaruwa, dukawa su rina, fatake su ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda daga can take isa hannunsu. Akuyar Falasɗinu baƙa ce mai dogon gashi, ana yi mata sausaya a kaɗa gashin a saƙa. Shi ya sa Littafin Fitowa ya ce da gashin awaki aka saƙa labule 11 na rufin alfarwar sujada a zamanin Annabi Musa, kowane tsawonsa kamu 30, kuma ya ambaci cewa mata ne suka kaɗa zaren. Har yau Larabawan ƙauye suna kafa baƙin tanti na irin wannan saƙa. Wurin da Bani Isra'ila suka fi tsarkakewa a jeji, gashin akuya ne ya kare shi daga rana da ruwa.

A wajen hadaya ma ba a ware ta ba. Dabbar Idin Ƙetarewa, wadda yawancin mutane suka ɗauka lalle ɗan rago ce, dokar ta ce ana iya ɗaukar ta daga tumaki ko daga awaki, in dai namiji ne ɗan shekara ɗaya marar aibu. Littafin Firistoci ya tsara yankan neman gafara gwargwadon matsayi da hali: shugaba ya kawo bunsuru, talaka ya kawo akuya mace ko tunkiya, wanda bai da wannan ya kawo kurciya biyu ko tattabara biyu, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo gari. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a nan ma akuya tana isa layya, kuma wajen zakka ana haɗa ta da tumaki a lissafi ɗaya, in sun kai 40 a fitar da guda.

Wata doka ɗaya ta zo har sau uku a Attaura, sau biyu a Fitowa, sau ɗaya a Maimaitawar Shari'a: an hana dafa ɗan akuya a cikin nonon uwarsa. Daga wannan 'yar gajeriyar doka malaman Yahudawa suka fitar da hukuncin raba nama da nono gaba ɗaya, har gidan mai kiyaye addini a cikinsu yakan kasance da tukwane da kwanoni kashi biyu, kuma wasunsu sukan jira awa shida bayan cin nama kafin su sha madara. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, yana ganin mai yiwuwa an hana ne saboda al'adar masu bautar gumaka ce. Ni dai abin da nake gani a cikinta tausayi ne. Wanda ya taɓa jin kukan akuya da daddare bayan an raba ta da ɗanta ba zai nemi dogon bayani ba. Abin da Allah ya saukar a hantsar uwa don ɗan ya rayu, bai kamata ya zama romon ɗan ba.

To daga ina baƙin jinin ya fito? Domin a tunanin Turai akuya ta zama dabbar Shaiɗan, mu ma a nan in aka ce da mutum bunsuru ko ɗan akuya ba yabo ba ne.

Akwai 'yan wurare da suka ba da ƙofa. Littafin Firistoci ya hana Bani Isra'ila yin yanka ga wasu aljanun jeji masu siffar bunsuru, abin da ke nuna cewa wasu a cikinsu suna yi. Mu ma ba baƙin wannan ba ne: tarihin Kano ya ambaci baƙin bunsuru cikin abin da ake kai wa Barbushe a gindin Dala, kuma a bori kowane iska yana da launin dabbar da ake yanka masa. Annabi Ezekiyel, a sura ta 34 ta littafinsa, ya kamanta azzaluman shugabanni da raguna da bunsurai masu ƙarfi, waɗanda sukan ci ciyawa mai kyau su tattake saura, su sha ruwa su dama ragowar da ƙafa. Sai Daniyel, a sura ta 8, wanda ya ga wahayin rago mai ƙaho biyu yana tunkuyi ba mai tare shi, har wani bunsuru ya taso daga yamma da gudun da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, da ƙaho ɗaya babba tsakanin idanunsa, ya karya ragon. Littafin da kansa ya fassara: ragon sarakunan Midiya da Farisa ne, bunsurun kuwa sarkin Girka. Masu sharhi sun haɗu a kan Iskandar ne, wanda ya ƙetaro Asiya a shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa, ya karya ƙarfin daular Farisa a 331, ya mutu a Babila a 323 yana ɗan shekara 32, manyan mayaƙansa suka raba ƙasar, kamar yadda wahayin ya ce ƙahon ya karye huɗu suka tsiro a gurbinsa. Wannan sura ce ma Maulana Abul Kalam Azad na Indiya ya dogara da ita wajen cewa Zulƙarnaini na Suratul Kahfi shi ne Sairus sarkin Farisa, ra'ayin da malamai ba su haɗu a kansa ba.

Amma wanda ya fi yi wa akuya illa shi ne misalin da ke Linjilar Matiyu sura ta 25. A can aka siffanta ranar hisabi da makiyayi yana ware garkensa, tumaki dama, awaki hagu, na hagu su tafi azaba. Daga nan masu wa'azi suka yi ta gina magana cewa tunkiya mai biyayya ce, akuya mai taurin kai, masu zane a Turai kuma suka ara wa Shaiɗan ƙaho da gemu da kofato daga Pan, wani abin bautar Girkawa mai ƙafar akuya. Sai dai in ka karanta wurin a natse, ba a ambaci wani laifi na akuya ba ko ɗaya. Abin da aka ɗauko shi ne aikin warewa, wanda kowane makiyayi ke yi da yamma bayan garke ya wuni a cakuɗe. Ma'aunin da aka ware mutane da shi kuwa a fili yake: wa ya ciyar da mayunwaci, wa ya shayar da mai ƙishi, wa ya sauki baƙo, ya tufatar da huntu, ya duba marar lafiya, ya ziyarci ɗan kurkuku. Waɗanda aka kai hagu ba a tuhume su da kisa ko sata ba, gani suka yi suka wuce. Rashin tausayin mutane ake hukuntawa a wannan sura, amma akuya ce ta fita da tabon.

Kuma wannan ba shi ne karo na farko ba. A Littafin Farawa sura ta 27, Ishaku ya tsufa idonsa ya dushe, yana so ya sa wa babban ɗansa Isuwa albarka. Matarsa Rifkatu ta sa ƙaramin, Yakubu, ya kamo 'yan awaki biyu daga garke, ta dafa su yadda tsohon ke so, ta naɗe hannuwan Yakubu da wuyansa da fatarsu domin Isuwa gargasa ne. Uban ya shafa, ya ji gashi, ya ce murya ta ɗaya ce hannu na ɗayan, ya sa albarkar. Musulmi ba ya jingina wa Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, irin wannan aiki, kuma labarin ba ya cikin Alƙur'ani. Amma a yadda littafin ya tsara shi, sura goma a gaba abin ya juyo kan mai shi. 'Ya'yan Yakubu suka sayar da Yusufu, suka yanka bunsuru, suka tsoma rigarsa a jinin, suka kawo wa ubansu. Wannan kam mun san shi a Suratu Yusuf, inda aka ambaci jinin ƙarya a jikin riga aka kuma laƙa wa kerkeci, ko da yake Alƙur'ani bai faɗi dabbar da aka yanka ba. Sau biyu ke nan ana yanka akuya don a rufe abin da ɗan Adam ya aikata, sau ɗaya da fatarta, sau ɗaya da jininta.

Wannan ya kawo mu Littafin Firistoci sura ta 16, wadda saboda ita na rubuta babin nan. Ranar goma ga wata na bakwai ita ce Ranar Kafara, wadda Yahudawa ke kira Yom Kippur, rana mafi girma a shekararsu. Babban firist, wanda na farkonsu shi ne Annabi Haruna, yakan tuɓe kayan alfarma ya yi wanka ya sa farin lilin. Kafin ya taɓa laifin kowa sai ya gabatar da bijimi saboda zunubin kansa da na gidansa. Sannan a kawo bunsurai biyu a jefa musu ƙuri'a. Wanda ƙuri'ar Ubangiji ta faɗa wa a yanka shi, a shiga da jininsa can ƙuryar wuri mai tsarki, inda ba mai shiga sai shi, shi ma sai wannan rana. Ɗayan kuwa, wanda aka ce na Azazel ne, a tsayar da shi da rai. Malamansu sun saɓa a kan Azazel, wasu sun ce sunan wani tsauni ne mai gangare, wasu sun ce aljanin jeji ne, kuma almajiran tafsiri a nan za su tuna da Azazilu, sunan da wasu ruwayoyi suka ce Iblis yana da shi kafin ya saɓa. Firist ya ɗora hannuwansa biyu a kan bunsurun, ya furta laifuffukan jama'a duka da bakinsa, sannan wani mutum da aka tanada ya ja shi zuwa jejin da ba kowa ya sake shi. Wannan mutum ba ya komawa cikin jama'a sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka.

Mishna, littafin hukunce-hukuncen da malaman Yahudawa suka tattara wajen shekara ta 200, ya ƙara bayanin yadda abin ya kasance a Haikalin Ƙudus. An fi so bunsuran biyu su zama iri ɗaya a kama da tsayi da farashi, a saye su tare. Ana ɗaura wa mai tafiyar jan ulu a ka. Tsakanin birni da tsaunin akwai rumfuna goma, a kowace ana yi wa mai jan bunsurun tayin abinci da ruwa. In ya isa sai ya raba ulun biyu, rabi ya ɗaura a dutse, rabi a ƙaho, ya tura dabbar ta baya ta gangara. Attaura sakewa kawai ta ce. Turawar daga baya ta shigo, kuma ana iya gane dalili: wanda ya san akuya ya san tana gane hanyar gida, ba kuwa wanda zai so ya wayi gari ya ga zunubin bara yana kiwo a bayan ɗakinsa.

A shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, yanka ya tsaya, bai kuma dawo ba har yau. Yahudawa suka riƙe ranar da azumi da addu'a da tuba da sadaka, Mishna kuma ta yanke cewa ranar ba ta shafe laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yafiyarsa, daidai da abin da malamanmu ke faɗa a kan haƙƙin bayi. Kirista suka bi wata hanya. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi, shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara, ta kuma ce duk wannan ishara ce ga Yesu, wanda a aƙidarsu ya miƙa kansa sau ɗaya. Musulunci bai karɓi wannan ba. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba ran da ke ɗaukar nauyin wani rai, ya kuma bayyana a Suratul Hajji cewa abin da ke isa ga Allah daga dabbar yanka shi ne taƙawar mai yankan. Nan ne addinan uku suka rabu, kuma rabuwa ce ta gaske, ba ta da amfani a ɓoye ta.

Duk da haka akwai abin da na ga ya cancanci girmamawa a waccan tsohuwar ibada, kuma shi ne aka fi mantawa. Ba wanda ya taɓa cewa bunsurun ne ya yi laifin. Marar aibu ake zaɓa, ƙuri'a ce ta ware shi daga ɗan'uwansa, kuma kafin a ɗora masa komai sai shugaba ya fara da kansa, sannan jama'a su ji an jera abin da suka aikata a bainar kowa. Mutanen da suka tsaya a filin nan sun san nasu ne. Abin da duniya ta gada daga baya shi ne korar, ta bar furtawar. Lokacin annobar da ta cinye Turai daga 1347 zuwa 1351, an ce Yahudawa ne suka zuba guba a rijiyoyi, a birnin Strasbourg kawai an ƙone ɗaruruwansu a watan Fabrairu na 1349. Masanin Faransa René Girard ya rubuta littafi a kan wannan hali a 1982, inda ya nuna cewa jama'ar da masifa ta ruɗa takan nemo mutum ɗaya marar gata ta haɗu a kansa, kuma abin ba ya yi mata aiki sai ta gaskata cewa da gaske shi ne mai laifin.

Ba sai mun je Turai ba. Yaro ya yi zazzaɓi ya fara sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa marar ɗa marar jika, kafin la'asar an ce mayya ce ta kama kurwarsa, ba wanda ya tambayi kwatar da sauro ke haihuwa a ƙofar gidan. Ciniki ya karye wa mutum bayan aure, a ce amarya farar ƙafa gare ta, a manta da bashin da ya ci don ya yi bikin da ya fi ƙarfinsa. An sace shanu ko an tare hanya, a faɗa wa rugar da ta fi kusa, mai hannu a ciki da marar hannu. A kasuwa mutum ɗaya ya yi ihun ɓarawo, kafin a san abin da ya ɓata an riga an ɗauko duwatsu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma waɗanda ake hangowa kusan kullum su ne waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Roƙona ga mai karatu, musamman liman da fasto da mai unguwa, waɗanda ake fara kai wa irin wannan ƙara: ranar da jama'a suka taru a ƙofarka da sunan mutum ɗaya a bakinsu, ka zaunar da su ka nemi shaida, ka ɓoye wanda ake zargi a cikin gidanka har hukuma ta zo, ka kuma tambayi waɗanda suka fi ɗaga murya ina nasu kason a cikin abin da ya faru.